A Fara Da Jirgin Alhazai

Malam Edita,

Ni makanike ne a Suame Magazine, unguwar makanikai ta nan Kumasi, don haka batun shan mai ba baƙo ba ne a wurina. Tun 2007 kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka gwada X-48B, ƙaramin jirgi marar matuƙi wanda gangar jikinsa da fukafukansa suka haɗe. Iska ba ta tare shi sosai, sai shan mai ya ragu. A 2023 sojin saman Amurka suka ware wa kamfanin JetZero dala miliyan 235 ya ƙera babba, don dakon kayan soja da shayar da jiragen yaƙi mai a sama.

Nan ne zuciyata ta sosu. Dattawanmu na Aboabo suna tara kuɗin kujerar Makka shekara da shekaru. Don Allah, a fara da jirgin fasinja, ko raguwar shan mai ta sa kuɗin kujera ya sauka.

Naku,
Makanike daga Aboabo, Kumasi