A riƙa faɗa mana yadda jarumai ke shirya wa fim

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku domin in tsoma baki kan abin da masu sharhin fina-finai suka cika tsallakewa, wato gumin da jaruma take yi kafin ta tsaya gaban kyamara.

Meryl Streep ta Amurka ta shiga takarar kyautar Oscar sau 21, ta lashe sau uku. Kafin fim ɗin Sophie's Choice na 1982, inda ta fito a matsayin 'yar Poland da ta tsira daga Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi na Jamus suka riƙa tsare mutane suna kashe su a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai da ta duƙufa koyon harshen Poland da Jamusanci, har Turancinta ya koma na baƙuwa mai laluben kalma. Duk wanda ya ga fuskarta lokacin da jami'in Nazi ya tilasta mata zaɓar ɗaya cikin 'ya'yanta biyu ya san baiwa kaɗai ba ta isa haka ba. A 2011 ma, da za ta fito a matsayin Margaret Thatcher, tsohuwar Firaministar Birtaniya, har zauren majalisar dokokin Birtaniya ta je ta saurari muhawara.

Ina roƙon wakilanku su riƙa tambayar jarumai irin wannan shiri idan sun yi hira da su.

Naku,
Mai karanta jaridarku