Wasiƙa Zuwa Damagaram Kan Sabuwar Manhajar Bincike

Tudun Wada, Kaduna.

Aminina Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai hazo da ya sauko mana da wuri bana.

Na ga gara in zauna in rubuto maka da hannuna, ba saƙon murya ba kamar yadda muka saba, domin maganar tana da tsawo, kuma ina so ka nuna wa malaman da kuke koyarwa tare. Wani kamfanin fasaha ne ya turo ma'aikatansa Kaduna, suka tara mu a wani ɗakin taro kusa da titin Ahmadu Bello, suka ba mu wayoyi muka gwada sabuwar manhajar bincike a intanet da suke shirin fitarwa, wadda aka ce za ta ji Hausa ta kuma amsa da Hausa. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba, mun sa hannu a takarda cewa za mu riƙe shi sai ranar da suka fitar da abin. Amma shawarwarin da muka ba su namu ne, su da kansu ma suka roƙi mu jiyo musu ta bakin wasu. Kai ne ka fara faɗo mini a rai.

Waɗanda aka gayyata sun haɗa da masu rubutu da Hausa a intanet, da malaman makaranta, da 'yan jarida, da samarin nan masu gyaran waya a kasuwar Sheikh Gumi, da wata ma'aikaciyar jinya, da wani dattijo mai naɗin kwayil daga Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna. Irin wannan gayyata ba yau aka fara ta ba a duniya. Tun a 2004 kamfanin Microsoft ya tara wasu masu sha'awar harkar bincike a hedkwatarsa da ke Redmond a Amurka, a wani shiri da ya kira Search Champs, suka duba sabon injin bincikensa na MSN Search kafin fitowarsa a 2005, wanda daga baya ya rikiɗe ya zama Bing a 2009. Sai dai waɗancan da Turanci aka tambaye su, kan abin da aka gina wa masu Turanci. A zo har Kaduna a ce wa Bahaushe me kake so, wannan ne sabon abu a wurina, kuma na ji daɗinsa ƙwarai. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Kafin a fara gwaji wata injiniya daga cikinsu ta yi mana bayanin yadda abin yake aiki, kuma bayanin nata ne ya buɗe mini ido a kan inda matsalarmu take. Akwai shirin kwamfuta da ke bin shafuka ɗaya bayan ɗaya yana kwashe rubutun da ke ciki. Sai a jera kalmomin a wata makekiyar fihirisa, irin ta bayan littafi. Idan ka yi tambaya, cikin fihirisar nan ake dubawa, sannan a jero maka shafukan bisa wanda ake ganin ya fi dacewa. Dabarar da ta ɗaga Google tun kafuwarsa a 1998 ita ce ƙirga yawan shafukan da ke nuni zuwa ga wani shafi, a ɗauki hakan a matsayin shaidar darajarsa. Yanzu kuma, tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, kowa ya karkata ga ƙirƙirarriyar basira: maimakon a ba ka jerin shafuka ka zaɓa, sai manhajar ta karanta su ta tsara maka amsa guda ɗaya. Tasu ma haka take.

Rubutu muka fara gwadawa, kuma nan aka yi gardama mai zafi. Ka san mutanenmu ba kowa ke sa ƙugiya a haruffa ba idan yana rubutu a waya. Mutum zai rubuta kasa yana nufin ƙasa, ya haɗe "zan je" ta zama "zanje". Ku kuma a Nijar kuna rubuta ƴaƴa, mu muna rubuta 'ya'ya. Da muka rubuta tambaya ɗaya ta hanyoyi daban-daban, sai amsoshin suka bambanta, wani rubutun ma bai kawo komai ba. Wani malamin Hausa ya miƙe ya ce manhajar ta riƙa tsayar da mutum tana gyara masa rubutu kafin ta amsa, don ta haka ne za a ceto ƙa'idar rubutu daga lalacewa. Na fahimci kishinsa, ni ma abin yana damuna a takardun ɗalibai. Amma ban goyi bayansa ba. Matar da ɗanta ke zazzaɓi cikin dare, ta ɗauki waya tana neman abin yi, ba darasin rubutu ta zo ɗauka ba. Abin da na ce musu shi ne ta karɓi tambaya ko ta yaya aka rubuta ta, ita kuma idan za ta amsa ta rubuta da ingantacciyar ƙa'ida, ƙugiya da rabe-raben kalmomi duk a wurinsu. Mai karanta daidai kullum, a hankali hannunsa zai saba.

Da aka zo kan murya sai dattijon Panteka ya karɓi waya. Yatsunsa duk sun yi baƙi da banish, ya riƙe ta nesa da fuska kamar mai tsoron ɓata ta, ya ce, "Kwayil ɗin janareto ya ƙone, wace lambar waya zan naɗa masa?" Manhajar ta ɗan yi jim, sai ta jero masa lambobin wayar masu gyaran janareto. Shi kuwa kaurin wayar tagulla yake tambaya. Bai ji haushi ba, ya zauna ya yi wa ma'aikatan bayani dalla-dalla yadda ake auna waya, da yadda ake ƙirga zagaye, da abin da ke faruwa idan aka sa siririya inda ake buƙatar mai kauri. Suna ta rubutawa. Ban ga wanda ya amfane su a ranar kamarsa ba. Mutum ne da bai taɓa rubuta komai a intanet ba, amma irinsa ne suka fi yawa cikin masu buƙatar abin. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, ya kuma ƙara ta a binciken murya a 2024, don haka ƙofar ta riga ta buɗe. Abin da ya rage shi ne na'ura ta ji Hausar kasuwa da ta gareji da ta cikin gida, tare da ƙarar injin niƙa a bayan mai magana, ba Hausar mai karanta labarai kaɗai ba.

Inda hankalina ya tashi, Malam, shi ne batun amsa kai tsaye. Wani ya tambayi nisabin zakkar kuɗi. Nan take ta ba shi adadi da naira, cikin Hausa mai daɗi, babu kwanan wata, babu sunan wanda ya faɗa. Kai ka fi ni sani, nisabi da zinariya ake auna shi, misƙali 20, kimanin giram 85, kuma farashin zinariya ba ya zama wuri ɗaya, balle a kan naira. Adadin da ya yi daidai shekarun baya zai iya sa mutum ya ɗauka zakka ta hau kansa alhali ba ta hau ba. Ma'aikaciyar jinyar nan ta yi irin wannan ƙorafi a kan maganin yara, inda awon yake bin nauyin yaro da shekarunsa. Mutanenmu suna girmama rubutu, abin da waya ta faɗa cikin natsuwa da harshensu za su ɗauke shi da muhimmanci. A da muna kiran injin bincike "matambayi ba ya ɓata" domin yana nuna maka hanyoyi ka bi da ƙafarka. Wanda ke yanke maka hukunci kuwa dole ya faɗi inda ya samo. A kan wannan duk ɗakin baki ya zo ɗaya: kowace amsa ta zo da tushenta da lokacin da aka rubuta shi, kuma a sha'anin addini da lafiya da shari'a ta riƙa tura mutum ga malami ko likita ko lauya. Idan babu abin dogaro, ta ce ba ta samu ba. Wannan ba abin kunya ba ne, manyan malamai ma suna cewa Allahu a'alamu.

To amma ko an gyara duk waɗannan, akwai abin da ya fi su girma, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na rubuto maka. Manhajar bincike kamar yaron aike ce da ka tura Kasuwar Barci: komai saurinsa, abin da babu a rumfa ba zai kawo maka ba. Ilimin Hausa mai yawa ba ya cikin fihirisar da na faɗa maka. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya tun 1939, ka duba yawan abin da aka rubuta a cikinta na noma da lafiya da siyasa. Rubuce-rubucen ajami da na Larabci suna nan jibge a Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a nan Kaduna. Sashen Hausa na BBC yana magana tun 1957, ga shirye-shiryen Rediyon Kaduna na shekara da shekaru, ga karatuttukan tafsiri da ke yawo a katin waya daga hannu zuwa hannu. Masana a cibiyar binciken noma ta Samaru sun daɗe suna binciken irin masara da dawa da wake, amma manomin Giwa ko Soba da tsutsa ta shigar wa gona, wannan da ta ɓulla a ƙasar nan a 2016, idan ya tambaya da Hausa abin da zai samu kaɗan ne, sau da yawa ma fassara ce daga shafin da aka rubuta wa manomin wata ƙasa mai wani yanayi dabam. Na ce wa ma'aikatan idan da gaske suke yi, su sa kuɗi a ɗauki hoton waɗannan takardu a mayar da su rubutun da na'ura za ta iya karantawa, a kuma rubuta abin da ke cikin muryoyin, da izinin masu su da cibiyoyin da ke riƙe da su. Matasan da ke rubuta Wikipedia ta Hausa suna ƙoƙari, mafi yawansu da datarsu suke yi, amma aikin ya fi ƙarfin 'yan sa-kai.

Sauran abubuwan ƙanana ne, an wuce su da sauri. Samarin kasuwar Gumi suka ce kada ta cinye data, kuma ta yi aiki a ƙananan wayoyi inda sabis ke da rauni, domin su ne suke ganin irin wayoyin da ke hannun jama'a.

Akwai abu biyu da na faɗa a ƙarshen zaman, ina so in ji ko ka yarda da ni. Na farko, mata sun yi kaɗan a ɗakin, babu makaho ko ɗaya, babu kuma wanda ajami kaɗai yake karantawa, alhali su ne binciken murya zai fi yi wa amfani. Na biyu, abin da muka ba su aiki ne mai daraja. Gyaran da dattijon nan ya yi musu zai shiga cikin kayan da za su samu riba da shi. Ban ce kada a ba da shawara ba, ni dai zan bayar ko gobe aka sake kira, domin idan muka ƙi zuwa za a gina abin ba da mu ba, kuma 'ya'yanmu ne za su yi amfani da shi a haka. Amma na nemi su dawo su nuna mana abin da suka canza, su kuma biya waɗanda za su ɗauki muryoyinsu haƙƙinsu, tare da gaya musu a fili inda muryar za ta je. Sun ce za su kai maganar gaba.

Ga roƙona gare ka. A duk zaman nan Hausar Kano da Zariya da Kaduna kawai aka ji. Babu wanda ya yi magana da bakin Damagaram ko Maraɗi ko Tawa, babu wanda ya kawo kalmomin Faransanci da suka zauna a Hausarku, ko yadda kuke lissafin kuɗi da sefa. Don Allah ka tattaro mini tambayoyin da mutane ke yi a zahiri, daga ɗalibanka da iyayensu da 'yan kasuwa da makiyaya, ka rubuta su yadda suka fito daga bakinsu, kada ka gyara musu ko harafi ɗaya. Sunan kowa kada ka sa. Idan akwai malama a makarantarku da za ta tattaro na mata, hakan ya fi. Sun ba mu zuwa ƙarshen wata mai zuwa mu miƙa abin da muka samu, don haka ka turo da zarar sun ɗan taru, ba sai sun yi yawa ba.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina yi mata addu'a. Maiɗakina tana gaida uwargida, ta ce a tuna mata da alkawarin kilishi. A shafa mini kan yara.

Wassalam.

Naka,
Amininka na Kaduna.