Wasiƙa zuwa Agadas: kafin ka ɗora wa Neutron da Cinder laifi

Daga Maradi

Assalamu alaikum abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Ya aiki, ya zafin Agadas? Mu ma nan bazara ta kama sosai. Mutanen majalisarmu duk suna gaishe ka, Baba kuma ya ce a tambaye ka ko da babbar salla za ka leƙo gida.

Saƙonka ya iso. Ka ce kun kafa OpenStack, manhajar gina girgijen kwamfuta, a kan sabar uku, injinan VM (kwamfutocin da ake ƙirƙira da manhaja a cikin sabar) suna tashi lafiya, ping mai gwada ko saƙo yana isa yana tafiya, amma da an shiga injin daga nesa da SSH ko an fara sauke babban fayil sai komai ya tsaya cik. Ina kyautata zaton matsalar MTU ce, wato iyakar girman ƙunshin bayanai da hanya take iya ɗauka a tafi ɗaya. Wayar sadarwa ta yau da kullum tana ɗaukar ƙunshin bayanai mai bayt 1500. Shi kuma Neutron, sashen OpenStack mai kula da hanyoyin sadarwa, idan zai raba hanyar kowane mai amfani daban, sai ya saka ƙunshin cikin wani ambulan. Ambulan ɗin VXLAN yana cin bayt 50, saura 1450. Idan da OVN kuke aiki, wato wata manhajar da Neutron ke iya gudana a kanta, ambulan ɗin Geneve ne, abin da ya rage wa injin 1442. Ƙaramin ƙunshi irin na ping yana wucewa, babba kuwa ya maƙale a hanya, ba kuma wanda zai sanar da kai. Gwada daga cikin injin: ping -M do -s 1422, sai adireshin wani injin. An cire 28 daga 1450 ne saboda bayanan kai na IP da na ICMP da ake liƙa wa kowane saƙon ping. In ya ƙi wucewa, ka yi ta rage lambar har ka ga inda ya tsaya.

Magani biyu ne. Ko dai ka tabbatar DHCP na Neutron, mai raba wa injinan adireshi, yana ba su MTU ɗin da ya dace, ko kuma ka ɗaga na suwic da katunan sadarwar sabar zuwa 9000, ka rubuta hakan a saitin Neutron mai suna global_physnet_mtu. Na fi son na biyu, domin Ceph, manhajar da ke haɗa faifanku su zama rumbun ajiya guda, ma zai amfana. Amma a kula, dole kowace ƙofa da ke kan hanyar ta zama 9000. Ɗaya tak aka manta, ciwon ya dawo, kuma ya fi wuyar ganowa. Gwajin wannan shi ne -s 8972 tsakanin sabar da sabar.

Ka kuma duba cewa katangar tsaro ba ta toshe UDP 4789 na VXLAN ko 6081 na Geneve tsakanin sabar ba, kuma injin yana kaiwa ga 169.254.169.254, don daga can yake karɓo makullin SSH.

To, sai maganar ajiya, wadda ta fi damuna. Cinder, sashen OpenStack mai ba injinan faifai, ba ya riƙe bayanan kowa da kansa, dillali ne tsakanin injin da rumbun da ke ƙasa, wato Ceph a wurinku. Ka ce kowace sabar tana da faifai huɗu masu terabait 4, kuma ka faɗa wa shugabanninku kuna da terabait 48. Don Allah ka koma ka gyara wannan magana tun da wuri. Ceph yana ajiye kowane abu kwafi uku, ka ga 16 ke nan. Yana fara gargaɗi idan faifai ya kai kashi 85 cikin ɗari, a 95 kuma ya daina karɓar rubutu gaba ɗaya, duk injinan su daskare. Ga wani abin da mutane ke mantawa: da sabar uku kacal, kowace tana riƙe kwafi ɗaya, saboda haka idan faifai ɗaya ya mutu, kayansa kan ukun da suka rage a cikin sabar ɗin za su koma. Huɗu ne za su matsu a wurin uku. In ka lissafa, abin da za ka iya cikawa hankali kwance bai wuce terabait 10 ba. In kuwa sabar guda ce ta faɗi, babu inda kwafi na uku zai je, za ku zauna da biyu har a gyara ta. Kada wani ya ruɗe ka ka mayar da min_size, wato mafi ƙarancin kwafin da Ceph ke bukata kafin ya yarda a yi rubutu, zuwa 1 don aiki ya ci gaba, ta nan ake asarar bayanai. Kuma kwafi uku ba ya ceton abin da aka goge bisa kuskure, domin duka ukun ake gogewa tare, sai ka tanadi wani wurin ajiya a wani gini daban.

Ka ware wa kowane faifai gigabait 4 na RAM, ka ba Ceph tasa hanyar mai gigabit 10. A kan gigabit 1, ranar da ya fara sake kwafi kowa zai ji a jikinsa.

Sai wuta, wadda ka san halinta a ƙasarmu. Faifan SSD na kwamfutar gida ba shi da kariya idan wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu, ka nemi irin na sabar. Batirin ajiyar wuta ya riƙe suwic ɗin ma, ba sabar kaɗai ba, har janareta ya tashi. Idan za ku kashe sabar da gangan, fara da ceph osd set noout, in ba haka ba bayan minti 10 Ceph zai ɗauka faifan sun mutu. In an gama ka cire noout ɗin. In sabar duka suka mutu lokaci guda, a tayar da suwic, sai Ceph, sai MariaDB (ma'ajiyar bayanan OpenStack) da RabbitMQ (mai kai saƙo tsakanin sassansa), sannan sauran. Galera, mai daidaita MariaDB tsakanin sabar, ba ya tashi da kansa a irin wannan hali, sai an nuna masa sabar da ta fi sabon bayani. Agogon sabar ma a sa masa ido da manhajar daidaita lokaci ta chrony, bambancin daƙiƙa 0.05 ya isa masu sa idon Ceph su fara kuka. Ƙurar hunturu kuwa, a riƙa hure matatun iska duk wata.

Turo mini sakamakon ceph -s da ceph osd df, da lambar da ping ya tsaya a kanta, mu duba tare ranar Asabar in Allah ya kai mu. A gaida uwargida da yara.

Wassalam,
Naka, abokinka na Maradi