A bar ɗaukar kwaɗin bishiya a hannu don hoto

Assalamu alaikum Edita,

Ina neman fili in yi magana da masu zuwa yawon buɗe ido a dazuzzukan ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama. Ni da maiɗakina mun yi hutun kwana tara a Kosta Rika, kuma akwai abin da na gani da ya tsaya mini a rai.

A garin La Fortuna, gindin dutsen Arenal mai aman wuta, muka bi ɗan jagora cikin daji bayan magariba, kowa da tocila. Da rana mun ga birai masu kururuwa da tsuntsaye masu dogon baki, amma ni kwaɗon bishiya mai jan ido na je nema. Sai da muka yi kusan awa guda a bakin wani ɗan tafki, sauro na ta cizo, kafin muka hango shi a kan ganye. Tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba. Jikinsa kore shar, gefensa shuɗi da ratsin rawaya, yatsunsa ruwan lemo. Da rana yakan maƙale a bayan ganye, ya naɗe ƙafafu ya rufe ido, ko kana gabansa ba ka ganinsa. Macen tana saka ƙwai a ganyen da ya rankwafo kan ruwa, bayan kamar mako guda talibambam su faɗo cikin tafkin. In maciji ya kawo wa ƙwan hari, sai su ƙyanƙyashe kafin lokaci su tsira. Allah mai iko!

Ana cikin kallo sai ɗan jagoran ya miƙa hannu ya cafko shi, ya ɗora a tafin wata baƙuwa. Daga nan hannu zuwa hannu, mutum shida, kowa na haska masa fitilar waya a ido. Da aka zo kaina na ƙi karɓa. Kwaɗo ta fata yake shan ruwa, ta nan kuma yake wani ɓangare na numfashinsa. Mu kuwa duk mun shafa maganin sauro a hannu kafin mu fito. Na faɗa wa ɗan jagoran haka, ya ce baƙi ne ke so, in bai yi ba ba a ba shi tukwici.

To ashe laifin har da namu. Ƙasar da kanta ta ƙaddamar da gangamin hana irin wannan hoto da namun daji a 2019. Kuma sun san zafin rashi: kwaɗon nan mai ruwan zinare na dajin Monteberde, rabon da a gan shi tun 1989, aka ayyana ya ƙare a 2004. Masana na danganta hakan da fari da wata cutar fumfuna mai cin fatar kwaɗi, wadda laka a takalmi ma tana iya kai ta daga daji zuwa daji.

Roƙona ga mai shirin tafiya: tun kafin ka biya kuɗi ka tambayi ɗan jagora ko yana kama dabba, in ya ce i, nemi wani. Ka wanke takalminka kafin ka shiga sabon daji. Tukwicin kuma ka ba wanda ya nuna maka kwaɗon yana zaune a kan ganyensa.

Naku,
mai karanta jaridarku a kullum