Kafin ki zana gidan kowa, je ki ga Gidan Rumfa

Assalamu alaikum Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara. Mahaifiyarki ta ce an ba ku aikin nazarin wani tsohon gini, ke kuma hankalinki ya karkata ga fadojin Turawa da kike gani a intanet. Ban hana ki ba. Amma ina so idan kin dawo daga Zariya hutun nan, kafin ki ɗora alƙalami a takarda, ki je Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, ki zuba masa ido sosai.

Sau nawa muka bi ta Ƙofar Kudu da ke, ranar Hawan Daushe, kina bisa wuyana? Dawaki kika kalla, ba bango ba. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan nan. Shi ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa ne Shehu Maghili ya sauka Kano ya rubuta masa nasiha a kan mulki. Sarakunan Haɓe suka zauna a ciki, jihadi ya zo Fulani suka shiga, tun hawan Ibrahim Dabo a 1819 kuwa zuri'arsa ce a ciki. A 1903 Turawa suka ci Kano, Sarki Alu ba ya gari, duk da haka gidan bai zama kango ba. Fiye da shekara 500 ke nan ana kwana ana tashi a cikinsa, a fili mai faɗin eka 33. Shi ya sa za ki tarar gine-ginen cikinsa ba a lokaci ɗaya aka yi su ba. Ita kanta Ƙofar Kudu sai a zamanin Abdullahi Maje Karofi aka yi ta, wurare da dama kuma yanzu siminti ne. Aikinki ne ki rarrabe wane ne na ƙasa, wane ne aka sake.

Idan Allah ya sa aka bar ki kika shiga ɗaya daga cikin tsofaffin soraye, ki ɗaga kai. A nan karatun yake. Magina ba su da ƙarfe, ba su da dogon katako. Abin da suke da shi azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba, amma ba ta ɗaukar nauyi idan tazara ta yi yawa. Sai suka riƙa jera ta guntu-guntu, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna suka ɗauki rufi, ɗaurin guga ya samu, sai ki ga ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Bangon kuwa tubali ne, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, ƙasan bangon da kauri, yana sirancewa yana hawa. Ki dafa shi da tsakar rana ki ji. Waje na ƙuna, shi kuwa sanyi ƙalau, da dare kuma ya saki ɗumin da ya sha. Ki duba zankwaye a kusurwoyi, da indararo yadda ake tura shi nesa da bango don kada ruwa ya ci gindinsa.

Ki lura kuma da yadda ake shiga. Ba wanda ke faɗawa gaban sarki kai tsaye. Daga fili sai soro, daga soro sai wani fili, ƙofofin ba sa kallon juna, kowa da inda matsayinsa ya tsayar da shi. Zauren gidan kakanki ma haka yake, girma ne kawai ya bambanta.

Zauren nan shi ne dalilin wannan wasiƙa. Ina yaro, kowace shekara kafin damina, Baba kan tara mu yaɓe. Mu kwaɓa ƙasa da ƙafa, a zuba makuba, shi kuma yana bisa tsani yana shafawa da tafin hannu, sawun yatsunsa na fitowa layi-layi a bango. Da na fara samun albashi sai na ga abin ƙauyanci ne. Na rushe zauren, na sa bulo da kwano. Baba bai ce mini komai ba, sai dai ya mayar da tabarmarsa gindin darbejiya, don ɗakin ba ya zaunuwa da azahar. Har ya rasu bai sake yin hantsi a ciki ba. Wannan abu yana ci mini rai har yau, Uwata. Ginin ƙasa kulawa yake so duk shekara, ni kuma gudun wahalar ce ta sa na kira shi tsohon yayi.

Don haka idan kin je, ki je da ladabi. Ki yi shiga ta mutunci, ki gaida dogarai, ki nemi izini kafin ki ɗauki hoto ko ki miƙa awo. Maganar sarauta ba taki ba ce, gini kika je gani. Ke mace ce, mai yiwuwa a kai ki cikin gida, inda ni ban taɓa takawa ba. In kin samu haka, ki saurari tsofaffin matan gidan, sun san sunan kowane sashe da abin da ake yi a cikinsa. Daga nan ki tsallaka Gidan Makama, wanda yanzu gidan tarihi ne, can za ki tsaya ki auna a natse. Sannan ki nemi tsohon magini ki durƙusa ki gaishe shi, ki tambaye shi yadda ake haɗa laso, wato shafen da ke hana ruwa cin gini, daga katsin marina da gashin jima da dafara. Ki rubuta da kalmominsa, kada ki juya su Turanci tukuna.

Na ba yayanki kuɗin mota ya tura miki. Ki taho da littafin zanenki, ina so ki zana mini zauren Baba yadda zan kwatanta miki shi, tun ina iya tuna inda alkukin fitila yake. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki