A bar ɗalibanmu su yi tambaya a zumunta

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a wannan jarida in yi magana da fastocinmu da shugabannin zumuntar ɗalibai Kirista na manyan makarantun Arewa. Ni malamar sakandare ce a Kaduna, a zumunta na tashi. Yanzu ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima kan taru a tsakar gidana ranar Asabar da yamma, mu shimfiɗa tabarma mu yi nazarin Littafi Mai Tsarki. Da yawansu sun ɗauke ƙafa daga zumuntar makarantarsu, alhali suna nan riƙe da bangaskiyarsu. Abin da ya kore su shi ne, da zarar mutum ya ɗaga hannu ya yi tambaya mai nauyi, sai a ce ya ja da baya, a sa sunansa cikin masu bukatar addu'a.

Wani mai karatun likita ya tambaya yadda zai daidaita Littafin Farawa da abin da ake koya masa a aji. Wata kuma mahaifinta ya rasu bayan ta yi azumi, ta ɗauki kuɗin abincinta ta ba da baiko, don an ce mata in ta shuka iri zai warke. Tana ba mu labari tana murza bakin gyalenta, kanta a sunkuye, ta ce amsar da ta samu ita ce bangaskiyarta ce ta gaza. Wannan magana ta yi mini ciwo ƙwarai. Yarinyar da ke makoki, a ƙara ɗora mata laifin mutuwar ubanta! Toma almajirin Yesu ma ya yi shakkar tashinsa daga matattu, Ubangiji bai kore shi ba, hannuwansa ya nuna masa.

Ga kuma batun 'yan mata. Su ne a ƙungiyar mawaƙa, su ne a shara da girkin taro, amma in an zo jadawalin wa'azi sai a tsallake su. Duk wanda ya san Zumuntar Mata a ikkilisiyoyin ECWA ko COCIN ko EYN ya san su waye ke riƙe da ikkilisiya.

An kafa zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS a Gindiri a 1957, takwararta ta manyan makarantu, NIFES, ta biyo baya a 1968, kuma sun raini dubban mutane, har da ni. Saboda ƙaunar da nake musu ne nake wannan magana. Kada kuma mu manta rikicin Kafanchan na Maris 1987 a Kwalejin Ilimi ya faro, tsakanin ɗalibai Kirista da Musulmi, kafin wutar ta kai Kaduna da Zariya. Ke nan abin da ake koya wa matashi a zumunta game da maƙwabcinsa yana iya kai wa ga rai. A nan Kaduna, Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a rikicin 1992, ya haɗa kai da Imam Muhammad Ashafa suka kafa cibiyar sasanci. In su sun iya zama tare, me zai hana 'yan zumunta da 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS su fita tare su ba da jini a asibiti, ko su yashe magudanar ɗakunan kwana kafin damina?

Roƙona ga shugabanni, a ware dare ɗaya a wata don tambayoyi, kowa ya rubuta tasa a takarda ba suna, a jefa a kwando. Fasto ya zauna ya saurara, inda bai da amsa ya ce a je a bincika tare. A sa 'yan mata a jadawalin wa'azi tun daga zango mai zuwa. Tsakar gidana ta yi wa yaran nan kaɗan, majami'un makarantu kuwa suna da kujeru da fili.

Na gode.

Wata malamar makaranta,
Kaduna