Wasiƙa daga Kura: Kuɓewa na Neman Raba Aure

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Wata huɗu ba kira ba saƙo, ko kifin can ne ya mantar da kai mutanen Kura? Bari in fara sauke abin da ya tsaya mini a rai.

Auren Auta na neman lalacewa, kuma wallahi a kan kuɓewa. Ranar da mata suka kai lefe, yarinyar ta gifta ta tsakar gida, sai ƙanwarmu, ka dai san bakinta, ta ce, "Kai, amaryarmu akwai yauƙi, wannan ai kuɓewa ce ɗanya!" Yabo take nufi. A bakin yaran yanzu yauƙi yanga ce, tafiya kamar ba a son taka ƙasa, magana ana ja a hankali. Ashe kakar yarinyar na kan tabarma tana ji. A wurinta mai yauƙi ita ce mai nawa, wadda za a aika rijiya da hantsi ta dawo da azahar. Ɗanya kuma ta ɗauka ɗanyen kai ake nufi. Nan take ta ce ba za a zagi jikarta har cikin gida ba, a kwashe akwatunan.

Ni ban ga laifin tsohuwar ba, da ma'anar da ta tashi da ita ta ji maganar. Amma a duba tukunya mana. Miyar kuɓewar da ba ta yi yauƙi ba ai ta lalace. Don shi ake jefa 'yar kanwa, a burge da maburgi, a bar tukunya a buɗe, a kiyayi tsami. Karkashi da lalo ma me ake nema a jikinsu in ba shi ba? Abin da ake wa wahala a madafa shi ne ya zama zagi a tsakar gida, wannan ne ya hana ni barci. Kai dai na san yanzu kana can kana cewa "guro" maimakon kuɓewa, tun da ka yi shekara biyu a Sakkwato ka ƙi sakin kalmar nan.

Tawa kuɓewar ta bakin kanal ta yi kyau bana, ruwan madatsar Tiga bai yanke mana ba. Duk bayan kwana biyu sai an tsinka, in aka yi sake ta ƙosa ta zama itace, ga ƙaiƙayi har gwiwar hannu. Manyan ana kai su kasuwar 'Yankaba a Kano, sauran Gwaggo na yankawa tana shanyawa. Af, mai shayin bakin tasha ya ƙara ta uku, kuma har yau yana cigiyarka kan kuɗin ƙwan nan.

Gwaggo dai ta ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa, don yanzu gidanmu duka ake zargi da raini. Ƙanwar tamu kwana biyu tana kuka, Auta ko tuwo ba ya iya ci. Ranar Juma'a bayan masallaci za mu je da liman da ƙwaryar goro mu ba da haƙuri. Gwaggo ta ce ita za ta shiga wurin tsohuwar da kanta, tare suka yi 'yanmatanci.

Ka sa mu a addu'a. A gaida maiɗaki da yara.

Naka,
Abokinka na Kura